Tokar Wilf a Kwana ta Uku

Shekara talatin da huɗu ina tsayawa kusa da Glenys Oddy duk ranar Alhamis, tun daga ƙarshen Maris har zuwa Oktoba, amma ban taɓa sa ƙafa a falonta ba sai watan jiya. Haka muke a filin tseren babur na Brigg Lane. Ka san irin biron da mutum yake so, ka san ɗan tseren da ke sa shi zagi, ka san cokali nawa na sukari yake zubawa a shayi, amma ba ka san launin ƙofar gidansa ba. Wurinmu shi ne matakala ta biyar a kwana ta uku, daidai inda baburan nan huɗu marasa birki suke karkatowa su watsa wa mutum jan burji a fuska. Masu hankali suna zama a rumfa. Mu kuwa nan muke tsayawa, muna kare ido da allon rubuta sakamako, muna tofar da ƙasa, muna rantsuwa babu wurin da ya kai shi a duk faɗin Harnsby.

Glenys 'yar ƙaramar mace ce mai murya kamar ta saje. Shekara ashirin da tara tana girki a kicin ɗin makarantar firamare, saboda haka duk wani mai tumbi da ke yawo a garin nan da mota, ta san shi tun yana zubar da majina. Ba da sunan uba take gane mutane ba, da abin da suka ƙi ci suna yara take gane su. In ta ce "wancan mai tsoron kifi," to shugaban 'yan kwana-kwana take nufi.

Ita da farko ba ruwanta da tsere. Wilf ne ya jawo ta. Ranar da ya fara fita da ita, maimakon ya kai ta sinima kamar ɗan mutunci, sai ya kawo ta kwana ta uku, ita kuma ta sanyo farar kwat sabuwa fil. Ta koma gida ja wur tun daga gashi har takalmi. Takan ce ta aure shi ne don kada ya yi wa wata 'yar mutane irin wannan wulaƙancin.

Ni da Wilf a rami ɗaya muka yi haƙar kwal, kuma tare muka ci wuyar babban yajin aikin nan, shekara guda cur babu albashi. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane abin da zan faɗa ba, amma dole in faɗa, don a kansa komai ya rataya. Wilf yana da ƙane, Stan, mai 'ya'ya uku da gida mai sanyi kamar firji. Saura kwana goma a janye yajin, Stan ya ƙetare layin da muka ja na hana shiga aiki ya shiga motar kamfani ya koma aiki. Kwana goma kacal. Tun daga ranar Wilf bai ƙara ce masa uffan ba har Stan ya mutu, kuma ranar jana'izar a wajen katangar coci ya tsaya, hula a hannu, hawaye na zuba, amma ƙafarsa ba ta taka ciki ba. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Layi layi ne. Ba a ƙetarewa." Glenys ba ta taɓa yarda da abin da ya yi wa Stan ba, ta sha gaya masa a gabana. Amma ta san da wa take zaune.

Huhu ne ya kashe Wilf, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya bar wasiyya a ƙona shi a zuba tokar a kwana ta uku, kamar yadda aka yi wa dattawa da dama kafin shi. Aka yi abin kafin tseren farko na ranar, filin cike. Dez Lumb, mai tarakta da ke gyaran hanyar tseren, ya kashe inji ya cire hula. Glenys ta zazzage tulun a hankali, 'yan tsere suka yi zagaye ɗaya sannu-sannu, sannan Dez ya bi da tarakta ya cuɗanya tokar da burji. Na raɗa mata cewa, "To, yau dai Wilf ya samu abin da yake nema, shiga kyauta har abada." Ta yi dariya har dariyar ta koma kuka, ta karɓi jakarta daga hannuna ta kai mini duka da ita.

Daga nan allon Wilf ya koma hannunta. Kowannenmu yana da allo na ɗora takardar tsere, inda ake cike sakamakon tsere goma sha biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya: na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Na Wilf daga ƙofar wani tsohon kabad ya yanko shi, kuma da jan biro yake rubutu, don haka ita ma jan biro. In an gama kowane tsere sai ta rubuta, ta ɗago kai ta ba wa kwanar labari da ƙarfi, ba kunya ba tsoro.

"Ka ga abin da nake gaya maka, Wilf? Yaron nan ɗan Denmark barci yake a kan layin tashi. Ko ni da kwandon cefane na fi shi sauri."

In an tashi kuma, sai ta sauka har bakin shinge, ta dafa shi, ta ce, "Sai Alhamis." Ba wanda ya taɓa yi mata dariya. Baƙo in ya fara murmushi, kallo ɗaya Dogo Trevor zai yi masa ya shiga taitayinsa. Trevor maƙwabcinmu ne a matakala ta shida, shi ma tsohon mahaƙi, mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri.

To, sai Colin Prewitt ya zo. Dillalin motoci ne, ya sayi kulob ɗin shekara tara da suka wuce, ya shigo da fararen haƙora da daɗin baki. Abin da ya fara yi shi ne kafa ƙaton allo a bakin ƙofa mai hoton sabon filin da zai gina mana: gilasai, itatuwa, mutane suna tafiya suna murmushi, ko ɗigon laka babu a takalminsu. Kowace shekara in an tambaye shi sai ya ce baɗi. Rana ta ci hoton nan har mutanen ciki suka rasa fuska, baɗi bai zo ba. Ban-ɗakin kwana ta uku kuwa iska ta kwashe rufinsa tun shekararsa ta biyu, har yau sama kake kallo.

Glenys ba ta taɓa kiransa Mista Prewitt ba. "Colin mai ɓoye kabeji a aljihu," haka take ce masa. "Yaron da ya iya kallon idonka ya ce ya cinye, alhali miya na ɗiga daga wandonsa, shi ne zai gina muku fili?"

Tikiti ya tashi daga fam goma sha biyar zuwa sha tara, muka yi gunaguni muka biya. Bana sai ya mai da shi ashirin da biyar, ya soke rangwamen tsofaffi, ya sa kuɗin ajiye mota a kan filin da ramuka suka fi kwalta yawa. Duk wannan da mun haɗiye. Amma sai ya hana shiga da fulas ɗin shayi, wai a sayi nasa ruwan ɗumin a kofin takarda. Mutum ya kai shekara saba'in, a tare shi a ƙofa ana lalube masa jaka ana neman shayi kamar ɗan fasa-ƙwauri! Ana cikin wannan ne Trevor ya ga wata 'yar takarda a liƙe jikin turken fitila a bayan filin, ƙanana-ƙananan rubutu: an nemi izinin gina gidaje ɗari biyu da goma sha biyu a Brigg Lane. Babu ko kalma ɗaya game da sabon fili.

Muka kira taro a zauren tsofaffin mahaƙa, farkon watan Mayu. Ni ne na hau kujera, da wannan gwiwar tawa, na yi ta kumfar baki. Na ce ba mai ƙara shiga sai Prewitt ya rage kuɗi kuma ya nuna mana takardar sabon fili da hatimi. Za mu ja layi a bakin ƙofa da tuta, in an fara tsere mu hau tudun nan na bayan shinge mu yi kallo kyauta. Tudun wani tulin jar ƙasa ne da ya kai girman motar bas biyu, ya bayyana a bayan filin wasu shekaru da suka wuce, ciyawa ta fara cinye shi, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ya fito. Na ce a ɗaga hannu. Zauren ya cika da hannuwa, jinina ya yi zafi kamar na koma ɗan shekara talatin. Hannuwan Glenys suna kan allon Wilf a cinyarta. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba.

A waje ta tare ni.

"Cliff, ni fa?"

"Ke me?"

"Wilf yana ciki."

"Haba, Glen. Da Wilf yana nan, ai shi zai riƙe tutar."

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa nake tambayarka."

Na ce mata mako biyu ne, in ya yi tsanani uku, Prewitt zai durƙusa. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na wanda bai san komai ba.

Mako uku ta yi tare da mu a kan tudu. Daga can kana ganin kwana ta ɗaya da ta biyu da rabin miƙaƙƙiyar hanya, amma bayan rumfa ya tare kwana ta uku ɗungurungum. Babura su shige bayan kwanon rumfar, ka ji ƙara kawai, su fito ta ɗaya gefen an riga an wuce wani, ba ka san yadda aka yi ba. Takardar tsere a ciki ake sayar da ita, don haka Glenys ta zana layuka da rula a bayan kwalin biskit tana cikewa. Ba ta yi wa kowa magana ba, ba ta ba wa kowa labari ba. Abin da kawai na ji ta ce shi ne jar ƙasar tudun nan ta ɓata mata takalmi, ta wanke har sau biyu ba ta fita ba. Mu kuwa muna ta shewa, muna shan shayinmu daga fulas muna ɗaga wa masu gadi kofi.

Alhamis ta huɗu ita ce ta yi daidai da ranar da aka zuba tokar. Na manta. Ni da na riƙe mata jaka a wannan rana, na manta kwata-kwata. Muna tsaye a layi, mu kusan ɗari da hamsin, sai ga ta daga tashar bas da kwat ɗinta ta zuwa coci, allo a hammata. Ba ta nufo wurin da ta saba tsayawa ba. Ta miƙe sak zuwa ƙofa, tana kallon gabanta.

"Glenys!" Trevor ya daka mata tsawa. "Ina za ki?"

Ba ta tsaya ba.

"Matar Wilf Oddy? Ke? Maciya amana!"

Wannan ita ce kalmar da aka rubuta da fenti a ƙofar gidan Stan. Na isa in hana shi, ni ne shugaba. Ban hana ba. Abin da na yi ya fi nasa muni. A zamanin yajin aiki, in motar masu komawa ta zo wucewa, akwai ranakun da ba ma jifa, ba ma ihu, sai mu juya mata baya gaba ɗaya. Ina jin jikina ya juya da kansa. Ni ne na fara, sauran suka bi, mutum ɗari da hamsin suka ba wa tsohuwa 'yar shekara sittin da takwas ƙeya. Na ji ƙarar ƙarfen ƙofa ya juya sau ɗaya. Kunyar wannan ƙarar tana nan tare da ni, kuma ba na jin za ta bar ni.

Daga ranar kowace Alhamis sai ta shiga, kowace Alhamis sai mun juya baya. Mako goma sha uku. Kada ka ɗauka daɗi take ji a ciki. Dez ya ba ni labari daga baya: ita kaɗai ce a kwana ta uku, daga ita sai tantabaru. Prewitt da ya ga ya samu abin talla, sai ya sa aka ɗauki hotonta ba ta sani ba, ya buga a bangon takardar tsere, ya rubuta "Masoyiya ta gaskiya" a ƙasa. Ya tako da kansa har matakala ta biyar da kati mai ruwan zinariya, wai ta riƙa shiga kyauta muddin ranta.

"Misis Oddy, irinku ne ginshiƙin wannan kulob."

"Colin, mai da abinka aljihu, ka saba," ta ce da shi. "Ba wurinka na zo ba. Kuma matsa, ka tare mini miji."

Ta ci gaba da biyan ashirin da biyar ɗinta daga ɗan fanshon kuku, don a ganinta karɓar kyautarsa ya fi ƙetare layin muni. A gari kuwa abin ya bi ta. Matan da ta yi shekaru tana zama da su ranar Talata a zauren mahaƙa suka daina ajiye mata kujera, ita ma ta daina zuwa. A kanti mutanen da ta ciyar suna yara sai su shagala da karanta bayan gwangwani har ta wuce. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a kantin magani, ba hanyar kaucewa.

"Cliff," ta ce, "ka ce mako uku."

"Ki fito mana, Glen. Ki fito kawai, a manta."

"In na tsaya a waje, na bar shi shi kaɗai da Colin. In na shiga, na yi abin da ya binne ƙanensa da rai a kai. Kai da ka iya hawa kujera, gaya mini wanne zan yi."

Na karɓi maganin gwiwata na fita.

Yajin namu kuwa, bari in faɗi gaskiya ko da za ta ƙona ni. Prewitt bai durƙusa ba, godiya ma ya kamata ya yi mana. Ya tattara adadin 'yan kallo na makonnin nan ya kai wa hukumar gari, ya ce ga shi, mutanen Harnsby sun daina son tsere, filin ya mutu da kansa. Da hannunmu muka miƙa masa wuƙar. In mun shiga mun cika masa aljihu, in mun ƙi shiga mun cika masa hujja. A watan Agusta aka ba shi izini, ya sanar da cewa Alhamis ta ƙarshen wata ita ce tseren ƙarshe a Brigg Lane, bayan shekara saba'in da shida.

Muka sake taro a kan ko za a shiga na ƙarshen. Manyan maza suna ta share ido suna cewa mura ce. Aka ƙirga hannu: arba'in da ɗaya sun ce a tsaya a waje, talatin da takwas sun ce a shiga. Hannuna yana cikin arba'in da ɗayan, don ban san yadda zan sauko daga kujerar da na hau ba. Haka muka kalli rabin tseren ƙarshe daga kan tudu, warin man babur yana iso mu, muna jin ƙarar kwana ta uku ba ma ganinta.

Washegari da safe na koma in kwance tutarmu daga jikin shinge. Ƙofa a buɗe take wangame, babu mai gadi, babu mai lalube jaka. Dez yana ciki yana kwance katakon shinge. Sai ga Glenys da bokitin roba shuɗi da ɗan shebur na lambu. Ta wuce ni kamar turke. Na bi ta daga nesa-nesa, ban san dalili ba, na tsaya inda zan iya ji.

"Dez, zan ɗebi Wilf in tafi da shi gida kafin su zuba masa siminti. Nuna mini daidai wurin."

Dez ya ajiye guduma. Ya cire hula, ya murɗa ta, ya mayar, ya sake cirewa.

"Misis Oddy, ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan?"

"Kin tuna shekara biyar da suka wuce, da ruwa ya riƙa kwanciya a kwanar nan har aka soke tsere sau huɗu? To, da aka rufe kakar tsere, Mista Prewitt ya sa na kwashe ta duka, zurfin gwiwa, na zuba sabon burji. Tsohon an ce mota za ta zo ta ɗauka, sai ya ce ba zai yi wannan asarar ba, in tura shi bayan shinge kawai."

Ya ɗaga hannu ya nuna. Ta saman kwanon rumfa ana hango kan tudunmu, da sandar tuta da muka kafa a kai.

Glenys ta bi hannunsa da kallo.

"Shekara biyar," ta ce. "Shekara biyar ina ba wa burjin Colin labari. Me ya hana ka gaya mini?"

"Ina kan tarakta ina jin ki kina masa hira duk mako. Ta ina zan fara? Da na hango ki a kan tudun tare da su, na ce to madalla, sun haɗu ko ba ta sani ba. Ranar da na ga kin shigo, na sauko zan faɗa miki, wallahi na sauko. Sai na ji abin da suka kira ki a ƙofa. Na ce in matar nan ta ji a banza ta sha wannan, ai na kashe ta. Kowane mako sai abin ya ƙara nauyi."

Ba ta zage shi ba, ita da ba ta raga wa kowa. Ta ɗauki bokitinta ta fito ta ƙofar da ta yi mako goma sha uku tana shiga, ta zagaya bayan shinge, ta fara hawan tudun tana dafa gwiwa. Na bi ta. A sama duk sawun takalmanmu ne, da guntayen sigari, da ledojin biskit, da inda Trevor ya saba zubar da ragowar shayinsa. Ta tsaya tana duban ƙasar nan da ta ɓata mata takalmi.

"Ashe yana waje," ta ce, ba da ni take ba. Can sai ta juyo ta kalle ni, karo na farko tun kantin magani. "Bai ƙetare ba, Cliff. Ko a mace bai ƙetare ba. Yana nan tare da ku tun ranar farko. Ni ce na bar shi na shiga."

Na buɗe baki zan roƙi gafara. Na shirya kalmomin tun watanni, amma ba ta ba ni dama ba. Ta miƙo mini shebur.

"Haƙa."

"A ina?"

"Ina na sani?"

Tudu mai girman bas biyu, bokiti ɗaya. Na ɗebo kaɗan daga sama, kaɗan daga gefen rana, kaɗan daga inda ta tsaya makonni ukun nan, har ya cika. Ya fi ƙarfinta, don haka ni na ɗauka, muka hau bas, na kai mata har gida. Ƙofarta koriya ce. A falo akwatunan takalmi ne jere a bango har kusan rufi, cike da takardun tsere, duk da jan biro. Ta shimfiɗa jarida kusa da murhu na ɗora bokitin. Ta dafa mini shayi, sukari biyu, ba ta tambaya ba.

"Ban sani ba ko yana ciki," ta ce tana kallon bokitin. "Wataƙila ɗan yatsa. Wataƙila tsohon Harold Binns na kwaso, shi ma a kwanar aka zuba shi, kuma Wilf bai taɓa shiri da shi ba."

Muka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Na zaci shi ke nan, bokitin zai ishe ta. Ina! Alhamis ta gaba sai ga ta a kan tudu da allo, babu tsere, babu takarda, tana ba shi labarin yadda ake rushe rumfa. Na je na tsaya a gefenta. Ta gaba ma haka. Trevor ya zo sau ɗaya, ya tsaya a ƙasa yana murza hula, ya kasa hawowa, ya juya. An cire allon Prewitt daga bakin ƙofa an kafa na masu gini, da hoton gidaje da itatuwa da mutane masu murmushi, fuskokinsu sababbi.

Shekaranjiya Alhamis na riga ta zuwa. Na tarar masu gini sun ja dogon shingen waya sun zagaye filin duka, har da tudun, sun liƙa jar takarda mai hana shiga. Wata ƙatuwar motar haƙa tana tsaye a gindinsa, ta kwantar da bakinta a kan ciyawa. Na tambayi wani ma'aikaci da ke ɗaure waya, ya ce ranar Litinin za su baje shi, za a yi cikon hanyar shiga unguwar da shi.

Glenys ta iso, allo a hammata. Ta bi shingen da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Sun sake sa shi a ciki," ta ce.

"In kina son shiga ki shiga, Glen. Ba wanda zai juya miki baya."

"Babu ƙofa, Cliff."

Ta sa yatsunta cikin wayar. Ta gaya masa an kwashe fitilun filin, ta gaya masa Dez ya samu aikin yanke ciyawa a maƙabarta. Sannan ta gyara allon a hammata.

"Sai Alhamis, Wilf."

Na raka ta tashar bas, na tsaya har motar ta zo, na taimaka mata ta hau. Yau Asabar. Ban gaya mata maganar Litinin ba.